Ya Kellu, Ba Labarinmu Ne Ya Kashe Ki Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Ya Kellu Adum a Bol, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Mu mutanen tsibirai da yaƙi ya koro zuwa Baga Sola mun rasa wadda take zama ta saurari abin da ko iyayenmu ba ma iya faɗa wa.

Ya Kellu, ni ne Mbodu, wanda kika ce in aka ji ihu a bakin tafki, to ko dai kwale-kwale ya kife ko ni na zuba gishiri a shayin masunta. Yau ba tsokana ta kawo ni ba. Ana wata magana a kanki a gari, kuma ba zan yi shiru ba.

Lokacin da na fara zuwa rumfarki, ba na iya jin ƙarar injin jirgin ruwa. Da an tayar da shi sai in tsinci kaina a bayan buhunan banda, sannan in fito ina dariya in ce ɓera nake nema. Kowa ya yarda, ban da ke.

Kika shimfiɗa igiya a kan tabarma, kika ce wannan rayuwata ce, daga haihuwa zuwa yau. Inda kika koyo aikin da duwatsu da furanni ake yi, amma mu nan ƙasa duk rairayi ce, sai kika musanya. Kowace ranar baƙin ciki in ajiye mata dunƙulen kanwa, kowace ranar farin ciki dabino ɗaya. Na jera. Kina juyawa ki amsa sallama na kwashe dabinon na cinye.

"Mbodu, ina ranar saukar karatunka?"

"Ta wuce ciki, Ya Kellu."

"Allah Ya sa ta zauna lafiya, ɗan nema. Kanwar fa, ita ma cinyewa za ka yi?"

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace Alhamis, har muka iso babban dunƙulen, ranar da aka ƙone garinmu, na kwanta cikin ciyawar ruwa ina jin muryar ƙanwata tana kirana. Duk sanda na kawo raha don in zame, sai ki yi dariyarki ki gama, ki mayar da ni inda na tsaya. Me hancinka yake ji? Ina hannunka yake? In numfashina ya sarƙe ki ce, "Wannan waccan ranar ce. Yau fa, a ina kake?" In ce a kan tabarmarki. Na faɗi labarin, na sake faɗa, har ya koma abin da ya wuce. Ban manta da ƙanwata ba, ba kuma zan manta ba. Amma yau ni ke tayar da injin jirgin kawuna.

Tun kina raye wasu suke cewa duba kike yi da igiya. Kin sha gaya musu cewa hanya ce da aka gwada a kan mutane masu yawa a ƙasashen da suka ga yaƙi, aka koma bayan watanni aka tarar da yawancinsu sun sami sauƙi. Ba ki taɓa hana kowa addu'a ba. "Sha rubutunka, ka zo ran Alhamis," haka kike cewa. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin zama a tabarma, da ƙafarki kike raka shi wurin likita.

Yanzu da kika tafi sun sake salo. A wurin zaman makoki Alhaji Malum mai kanti ya ce baƙin cikin mutane kika yi ta haɗiya har ya cinye ki. Na ce, "Baba Alhaji, da jin maganar mutane yana kisa, ai da ku 'yan bakin kanti aka fara binnewa." Aka hararo ni. A harare ni. Ciwon ƙodarki ya girmi rumfar nan, 'ya'yanki shaida ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yayana Cari yana wurin, ya ji. Shi ne na ƙarshe da kika zauna da shi kafin ki kwanta, kuma a zaman nan ne ya fara buɗe baki a kan abin da ya gani a hannun waɗanda suka tsare shi. Ya tashi daga wurin makokin ya shige ɗaki ya rufe, kamar da. Ta bayan ƙofa ya ce mini, "Labarina ne ya ƙarasa ta."

Ya Kellu, dabarar da zan fito da shi ba za ta yi mini wuya ba. In ce masa Inna ta faɗi a kasuwa, in bi da shi ta rumfar, inda Kaltuma da kika koya wa aikin take ci gaba da zama. Amma kin taɓa kama kunnena kika ce ba a kawo kowa nan da wayo, domin waɗanda suka cuce mu ba su taɓa tambayar mu me muke so ba. Saboda haka na ajiye dabara. Kullum da safe nakan zauna a bakin ƙofarsa in gaya masa gaskiya: ni ma kin ji labarina, kika ƙara shekaru kina cin tuwonki.

Jiya ya buɗe. Bai kalle ni ba, ya ce, "Kai ƙaramin shaiɗan, ita Kaltumar, daga farko za ta sa in fara?"

Na ce a'a, daga inda kuka tsaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya Kellu, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa sauƙin da kika nema mana ya tarbe ki a can. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Brahim, da 'ya'yanki Acta da Abakar, da duk wanda ya taɓa zama a tabarmarki. Allah Ya ba mu haƙuri. Masu magana kuma su ci gaba da maganarsu. Ran Alhamis rumfa a buɗe take, kuma Cari ya ce da ƙafarsa zai je.