Yadda "Da Sauƙi" Ta Cinye Diyyar Malam Sha'aban

A ƙauyukanmu na tsakanin Minjibir da Ɗanbatta, in famfon tuƙa-tuƙa ya ƙi ba da ruwa, ba a cewa a kira injiniya, sai dai a ce a nemo Sha'aban. Shekara ashirin da uku ya yi yana gyaran famfo a sashen ruwa na ƙaramar hukumarmu. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Ubansa manomin gyaɗa ne. Bai bar masa gonar kirki ba, amma ya bar masa tarbiyya guda da ya riƙe har furfura: mutumin kirki ba ya kai ƙarar jikinsa. Ko zazzaɓi na jijjiga shi, ka ce "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi." Ba shi kaɗai ba, duk haka muke. Na taɓa gaida wani tsoho da hantsi ya ce mini da sauƙi, bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Bara, dab da faɗuwar damina, shi da abokan aikinsa suna zaro bututu daga rijiyar burtsatse sai sarƙa ta ƙwace. Bututun ya sauko masa a hannun dama. A asibiti aka cire babban yatsa da manuni, sauran ukun kuma suka ƙage. Ba riƙe sifana, ba riƙe fartanya, ga baki tara a gida.

Aka ce mana akwai doka: ma'aikacin da ya nakasa a bakin aiki ana biyansa diyya. Muka cike takardu. Bayan wata biyu ofis ya turo wani matashin jami'i, Kamaruddeen, ya zo duba shi da fayil a hammata.

"Sannu Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji Sha'aban, ya ƙara tura hannun cikin riga, don a wurinsa ba a tarbar baƙo da ciwo.

Jami'i ya rubuta, ya sha fura, ya tafi. Sau uku yana zuwa, sau uku ana haka. Sai ga takarda: mai rauni ya tabbatar da bakinsa har sau uku cewa ya samu sauƙi, saboda haka babu diyya, ya koma bakin aiki. Raina ya ɓaci, na bi Kamaruddeen har ofis na ce, ashe gaisuwa ma shaida ce?

"Malam, abin da ya faɗa na rubuta," ya ce. "Procedure ke nan, haka ƙa'idar aiki take. In bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara."

Muka ɗaukaka. Mako guda ni da matarsa Turai muna zaunar da shi gindin darbejiya muna koya masa kalma biyu, kamar mai sabon karatu.

"Ce babu sauƙi."

"Babu… to ai gaskiya ya fi na jiya."

"Malam," in ji Turai, "sauƙin nan za mu tuƙa mu ci?"

Ya sunkuyar da kai. Shi a ganinsa butulci ne ga Allah da ya bar masa yatsu uku. Da ƙyar, ranar Alhamis, ya iya faɗa ba tare da ya yi istigfari ba.

Ranar zaman kwamiti na raka shi. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, shugabansu wani dattijo, Alhaji Abdulmumini, da carbi a hannu. Ya dube shi da fara'a.

"Malam Sha'aban, yaya ƙarfin jiki?"

Sha'aban ya zaro hannun ya ɗora a kan tebur, karo na farko da ya nuna shi ga wanda ba ɗan gida ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu sauƙi."

Alhaji ya ajiye carbi.

"Subhanallahi! Malam, da girmanka? Musulmi ba ya faɗin haka. Wani fa hannun dungurungum ya rasa. Ka gode wa Allah."

Na ga kunya ta rufe maƙwabcina. Na taka masa ƙafa, amma ina! Ya janye hannun ya mayar cikin riga.

"Astagfirullah. Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla," in ji Alhaji. "Sakatare, rubuta."

Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Ranar Litinin ya wanke riga ya tafi aiki kamar yadda takarda ta ce. Ya tarar ana tantance ma'aikata, kowa na ɗora babban yatsan dama a kan wata na'ura mai gane zanen yatsa. Da layi ya zo kansa ya miƙa na hagu. Na'ura ta yi ja. Ya sake, ta sake yin ja. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta ce ya kawo na daman, ya ce ya baro shi a asibiti.

A ƙarshen wata sunansa ya fito a jerin ma'aikatan bogi.