Labarin Mai Kifi da Labarin Mai Goyo

Ni ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni a Haɗeja ya san inda zai same ni: gindin darbejiyar tsakar gidana, kan tabarma, waya a hannu, ina latsa ta da yatsa ɗaya. Da wannan yatsan na rubuta littattafaina. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba, amma Allah ya ba ni kunne. In mace ta yi magana a bayan katanga, ko ban ga fuskarta ba zan gaya muku ko da mijinta take fushi ko da surukarta.

Damunar da ta wuce, bayan na gama wani littafi, labari biyu suka zo mini lokaci guda, kamar baƙi biyu a gidan da ke da tabarma ɗaya. Ni kuwa ba na iya riƙe biyu. In na shiga labari sai na shekara a ciki, da shi nake tuƙa tuwo, da shi nake shanya. Dole in zaɓi ɗaya.

Na farko labarin wata mai bandar kifi ne, macen da bakinta ya fi wutar bandarta zafi. Wannan ba wuya. Sana'ar maƙwabciyata ke nan, kullum da hantsi ina jin ta da masuntan da ke kawo mata tarwaɗa daga wajen Baturiya: "Wannan ne kifin? Ai ko kyanwata na ba wa sai ta kai ni ƙara!" Nawa kawai in zauna in kwashe. Matan da ke karanta ni a waya kuwa irinsa suke so: dariya, habaici, ɗan kuka a ƙarshe.

Na biyu bai ma zama labari ba tukuna. Wata matashiya ce kawai da jaririya a gaban ruwa. Kakata ce ta bar mini ita. A hannun kakata na tashi, don ni 'yar fari ce, kuma asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tuntuni, kunyar ce ta rage. Ana yaye ni aka kai ni wurinta. Wata rana tana yi mini kitso ta ce, shekarar da aka haife ni ruwa ya ci ƙauyenmu na can wajen Auyo. Maza sun kora dabbobi tudu, kwalekwale ya cika ya tafi, aka bar uwata da ni a hannu. "Sai uwarki ta shiga ruwa," in ji ta. A daidai nan aka yi sallama a ƙofa, ta tashi, magana ta bi iska. Da na sake tambaya sai ta ce, ba ga ki nan a raye ba, me kuma kike nema? Har ta rasu ba ta ƙara komai ba.

Za ku ce, to ki tambayi uwar taki mana, ba tana da rai ba? Tana nan. Amma mai faɗin haka bai san zaman 'yar fari a wurinmu ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona. In na gaishe ta, tabarma take amsa wa. "Waccan" nake, ko "yayarku". Ba ƙi ba ne, na sani, kowa ya sani. A wurinsu hakan ne mutunci. Na yi aure, na haifa, na aurar, yau ga ni da jikoki, amma har yanzu in na ji tana hira da autarmu, tana yi mata zagin wasa suna ƙyaƙyatawa, sai in tsaya daga gefe ina saurare. Ina jin maganar kowa ta katanga, amma muryar da na fi so ba ta taɓa nufo ni ba.

Saboda haka na karkata ga mai kifi, har na fara. Sai dai duk lokacin da na ɗaga kai, matashiyar nan tana tsaye a bakin ruwa tana jira. Na san in na ɗauke ta sai na san abin da ya faru a ranar, kuma bakin Inna kaɗai ya rage da ya sani, bakin kuwa ya tsufa.

Ana haka ruwa ya sake hawa gonakin shinkafa ya shiga ƙauye, aka ɗauko Inna zuwa gari. Gidana ta sauka? Ina! Gidan auta. Da safe na yafa mayafi, maigida ya bi ni da kallo ya ce, "Lafiya? Ko darbejiyar ce ta kore ki?"

Na tarar da auta tana tsintar shinkafa a tire. Inna na can gefe tana saƙa faifai da lalube, don idon ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta ɗan juya mini kafaɗa kamar kullum. Na zauna kusa da auta na ce, "Labari biyu gare ni, ki zaɓa mini."

Na ba ta na mai kifi, har da kwaikwayon murya. Auta ta yi dariya har shinkafa ta zube. "Yaya, wannan za ki yi! Wallahi in kika sa shi, mata ba za su yi girki ba."

"Tsaya ki ji ɗayan."

Na ɗan ɗaga murya. Na ce wata mata ce a wani ƙauye, ruwa ya zo, kowa ya tafi. Inda ban sani ba na cike da kaina. Na ce ta goya jaririyarta, ta ɗaure da majanyi tamau, ta faɗa ruwa tana ninƙaya.

"Auta."

Inna ce. Hannunta bai bar saƙa ba.

"Na'am, Inna."

"Ki ce wa mai littafi, ba a goya jariri a shiga ruwa. So take ta kashe 'yar mutane? Uwa tana nitsa, goyo ya riga ta shan ruwa."

Auta ta kalle ni tana danne dariya. "Yaya, kin ji an ce."

"Ki tambaya mini, to yaya ake yi?"

"Inna, wai yaya ake yi?"

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. A masaki ake sa shi."

Masaki, babbar ƙwaryar nan da ake kwasar hatsi. Inna ta ci gaba, fuskarta wajen auta, kamar labarin wata take ba ta. Ta ce matar ta zubar da geron da ke ciki, ta shimfiɗa zani, ta kwantar da yarinyar, ta rufa mata faifai saboda yayyafi. Ta ce inda ƙafa ke taɓa ƙasa a ka ta ɗora shi, inda ƙasa ta ɓace sai ta sa shi gabanta tana turawa da ƙirji. Ta ce abin da ya fi ba matar tsoro ba zurfin ba ne, shirun yarinyar ne. Ko motsi. Sai ta riƙa zura yatsa ƙarƙashin faifan tana taɓa zanin ko ya jiƙe, tana taɓa hancin ko yana numfashi. Ashe barci take yi abinta.

"Tun a lokacin ba ta son wahala," in ji Inna. "Wasu na fama, ita tana kwance."

Auta ta fashe da dariya. "Wallahi har yau, Inna! Kullum tana gindin bishiya."

Ni ma na yi dariyar, hawaye na zuba cikin shinkafar mutane. Zagin wasan nan da na daɗe ina jin ana yi wa auta, yau nawa ne, ko da ta hannun wata ya biyo.

Na share ido na ce, "Auta, ki tambaya mini abu ɗaya. A cikin ruwan nan, ba kowa, ba mai ji. Matar ta yi wa yarinyar magana? Ta kira ta?"

Auta ba ta maimaita ba. Inna ta daɗe tana juya faifan a hannu. Can ta ce, "Ki ce mata ta rubuta abin da ta ga dama a nan. Ba ita ce mai littafi ba?"

Ranar na ajiye mai kifi. Na ba ta haƙuri a raina. Irinta ba sa ɓata, tana nan bayan katangata kullum. Masu karatu suka yi ta mita, wai ina dariyar da na yi musu alkawari. Na ce su yi haƙuri.

Muddin Inna na gari, kullum da safe ina gidan auta. In karanta wa auta abin da na rubuta, Inna ta gyara wa auta, auta ta gaji da mu ta ce ita fa ba tafinta ba ce, tana da wanki. Na rubuta zuwan ruwan, na rubuta geron da aka zubar, na rubuta yatsan nan ƙarƙashin faifai. Da na iso tsakiyar ruwa, inda matar za ta buɗe baki, sai na tsaya. An ba ni izini, amma duk abin da na sa mata a baki sai in ji muryata ce, in goge.

Da ruwa ya janye, Inna ta matsa sai ta koma. Muka raka ta bakin titi inda za ta hau mota. Auta na gyara mata ƙullin kaya, ni ina tsaye baya kaɗan, inda na saba tsayawa.

"Auta, matar nan ta littafi, ta kai tudu kuwa?" in ji Inna.

Auta ta waiwayo. Na ce, "Tukuna."

Inna ta riƙe ƙofar mota, ta ɗaga ƙafa da ƙyar.

"Ki ce mata kada ta bar ta a ciki. Ruwan nan akwai sanyi."