Lambar da ke Kusurwar Hoto

Kyamarar ba ta kai tafin hannuna girma ba. Kawuna, wanda ke tuƙa babbar motar wani Alhaji tsakanin Maraɗi da Najeriya, shi ya kawo ta cikin safa, babu kwali, babu takardar bayani. A gidansa nake zaune a Tsibiri lokacin, ina zuwa lise, babbar sakandare, a Maraɗi da keke. Ya jefo mini ita a kan tabarma ya ce, "Ga ta nan, ɗan boko. Tunda bakinka ya ƙi magana, bari wagga ta riƙa yi maka."

Ba zan ci amanarta ba, tana da kirkinta. Ba ta da nauyi, tana shiga aljihun riga ba wanda ya sani. Idan rana ta fito sosai, sai ta ɗauko maka har jijiyar ganyen zogale. Kana latsawa kana ganin hoton a bayanta, in bai yi ba ka goge. Amma da inuwa ta sauko sai fuskoki su koma kamar an shafa musu toka, kuma in ka jawo abin da ke nesa, sai ya narke. Babban aibinta cin batir. Guda biyu take ɗauka, irin na ƙaramar rediyo, kuma na kasuwa ba sa kai hoto ashirin. Na lura ko a kashe take tana tsotsarsu. Saboda haka na yi mata abin da kowa ke yi wa tocila da rediyo a gidajenmu: ina gamawa sai in cire batiran, in naɗe su a takarda, wani lokaci in shanya su a rana su ɗan farfaɗo.

Na ware mata littafi guda. Kowane hoto sai na rubuta ranarsa da wurinsa da yanayin haske. A kusurwar kowane hoto kuma akwai wasu ƙananan lambobi masu ruwan lemo. Na duba su da kyau, na ga ba sa canzawa daga hoto zuwa hoto, sai na rubuta a shafin farko: lambar masana'anta.

A daminar shekarar makaranta a rufe take saboda yajin aiki. Rediyo ba ta da zance sai na manya da ke jayayya kan wanda zai sauka da wanda zai zarce. Cikin haka gulbi ya cika ya karya bakinsa a wajen Jiratawa, ya bi ta garkar mahaifina. Garkar nan ita ce abincin gidanmu: albasa, tattasai, zogale. Aka ce wani kwamiti a Maraɗi zai ba waɗanda ruwan bana ya ci wa garka wani fili a tudu, da iri, amma sai an kawo shaida, kuma da gaggawa, don masu ba da taimakon suna harhaɗa kayansu saboda rikicin ƙasa.

Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a bakin ruwan, ya naɗe wando.

"An ce abin nan naka yana riƙe abin da ya gani."

"Yana riƙewa, Baba."

"To shi gani."

Ya shiga har gwiwa ya tsaya inda kwamin albasarsa suke. Rana tana tsaka, hasken da kyamarar ta fi so. Na ɗauki tara kafin batiran su mutu. Ba ta taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Ana ganin kan zogalen da ya nutse, ana ganin gawon da ke iyakar garkar, ana ganin laka a gemun Baba. Ya kalli kansa a ɗan gilashin bayanta ya yi dariya, karo na farko tun zuwan ruwan. "Ashe haka na tsuhwa?"

Na wanko uku a Maraɗi. Bayan kwana goma sunanmu ya zo, muka shiga biro, wato ofishin kwamitin. Mutumin da ke karɓar takardu, wanda kowa ke ce wa Mushe irin na Faransanci, yana da furfura a gefen kai, da alamar gajiya. Ya jera hotunan, ya yaba su ma. Sai ya kawo ɗaya kusa da tabaransa.

"Malam, yaushe ruwa ya ci garkarka?"

"Bana, Mushe. Sati biyu ke nan."

"Hotonka ya ce ba bana ba." Ya sa yatsa a kan lambobin. "Ga shekara, ga wata, ga rana. Wannan shekaru ne da suka wuce, kuma a watan sanyi. Wane gulbi ke cika da sanyi?"

A nan na gan su da idon da ya kamata in gan su tun farko. Kwanan wata ne, an fara da shekara. Duk lokacin da na cire batir, kyamarar takan manta inda take, ta koma ranar da aka ƙera ta. Shi ya sa lambar ba ta taɓa canzawa ba. Cikin ƙiftawar ido na gane komai, kuma littafina yana aljihuna da ranar gaskiya a rubuce.

Baba ya juyo. "Kai, mi ya ce?"

Mutane sun cika bencin bayanmu. Wani ya ce, "Yau ga hoton da ya girmi ruwansa," aka kwashe da dariya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Batir ne." Ko Baba bai ji ba. Na ciro littafin, na miƙa. Mutumin ya duba shafi biyu ya mayar mini.

"Rubutunka na da kyau, samari. Amma kai ka rubuta. Jiya mutum huɗu suka kawo mini hotunan wata ambaliya ta da. Ban ce kun yi ƙarya ba. Ku sake ɗaukowa, in ban rufe ba, zan karɓa."

Washegari na gyara kwanan watan, ban ɗauki minti biyu ba. Muka koma garkar. Ruwa ya janye. Babu zogale, babu kwami, sai farin yashi shimfiɗe har gindin gawo, irin wanda ake gani ko'ina a gulbi da rani. Na ɗauka duk da haka. Kwanan watan daidai, hoton kuwa ba ya cewa komai. Da muka kai, an riga an tura sunaye. Kafin kaka masu taimakon sun tafi.

Yashin ya kai ƙugu zurfi, Baba ya haƙa ya gani. Daga shekarar ya koma ƙwadago a garkunan mutanen da a da tare suke jiran layin ruwa. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Kawu ne ya yi ta faɗa, ya ce boko bai tsinana komai ba in mutum ba zai iya buɗe baki a gaban tebur ba. Baba ya ce masa, "Bar yaro. Tattali ya yi, kamar yadda muka koya mai."

Da zan koma Tsibiri ya tambaye ni ko batiran suna da sauran rai. Na kwance su daga takardarsu na ba shi, ya sa a rediyonsa, ya zauna yana sauraron manya suna jayayya.

Hotuna ukun suna cikin littafin har yau. Ban taɓa ɗaukar waɗanda suka fi su kyau ba. Baba yana tsaye cikin ruwa a garkarsa, a kusurwa kuma ga ranar da ko mallakar garkar bai yi ba tukuna.