Idon Hagun Ma'azu

Ina kasuwar Tsamiya ina ɗaure buhunan albasar wasu 'yan Benin, wayata ta yi ƙara. Asama'u ce, matar Ma'azu. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Namadi, kwalekwale ya kife da abokinka a kogin Kwara." Na zauna a kan buhu, igiyar tana hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da Ma'azu 'yan Kende ne, an haife mu a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Yakan ce mu da jihar tagwaye ne, sai dai ita ta fi mu rowa. Ba mu wuce sakandare ba. Ni na kama albasa, shi ya kafa tebur a Bagudo yana gyaran tabarau da agogo.

A gefen teburinsa akwai shagon wata Bayarba, ɗanta Damilola a nan ya tashi, Hausarsa ta fi tawa. Ya je waje ya yi karatu ya dawo da digirin dakta, yana koyarwa a wata jami'a. Shi ya zo ya ɗauki Ma'azu aiki.

Abin da suke haɗawa na'ura ce mai koyon gane abu da haske. Ma'azu ya yi mini bayani da faya-fayan tuwo da ya jera a matsayin gilasai. Haske zai ratsa hoton ɗigon jinin saniya, ya bi ta gilasai a jere, kowanne ya karkatar da shi kaɗan, kamar yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo. Inda ya faɗi a ƙarshe shi zai nuna ko saniyar tana da cutar sammore. Damilola ke lissafin. Ma'azu ke saita gilasan, kuma kuskuren da bai kai silin gashi ba yana ɓata komai.

Akwai tabarau na kariya da aka ba shi, don hasken leza ne, mai ƙona ido. Amma Ma'azu ya saba da agogo, inda ake rufe ido ɗaya a kai ɗayan kusa. Wata rana ya ture tabarau ɗin ya leƙa. Ba zafi, in ji shi, sai wani baƙin tabo a tsakiyar idon hagu da bai sake gushewa ba.

Ni kaɗai ya gaya wa. Na ce ya faɗa wa Dakta.

"In hwaɗa mai ya sallame ni? In koma gyaran agogon da ba mai ɗaurawa?"

Ba albashin ne ya dame shi ba. So yake ya ga ranar da za a kai na'urar zuwa ruga, Fulanin da muka tashi tare su gani. Shekara biyu yana ɓoyewa. In ya zo gida yakan zuba shayi a gefen kofi, Asama'u ta yi ta tsokanarsa da cewa boko ya kashe masa hannu. Ni kuwa da na san dalili, raina ba daɗi.

Mako guda kafin rasuwarsa ya zo Kende ganin mahaifiyarsa. Na raka shi tasha da hantsi, sai dariya yake shi kaɗai.

"Mi ab ba ka dariya, gwanin leƙe?"

"Na hwaɗa ma Damilola."

Na tsaya. "Ya kore ka?"

"Ya ce tun bara ya sani. Ashe shi ya maida kayan aikina duk hannun dama, ni ina zaton mai shara ce. Ya ce jira yake in buɗe baki, ya kai ni asibitin ido."

"Kai, Ma'azu! Shekara biyu kana wahal da mu a banza."

"Faɗan da ya yi min ya fi naka. Yanzu ko numfashi zan yi sai da tabarau. Bayan Salla za mu gwada na'urar a rugar Sharabi. Za ka zo?"

"In ba ni da ciniki."

"Albasa ba ta gudu." Ya kama hannun rigata ya ja. "Kai kuma tun ɗazu kana tafiya ta haguna. Dawo dama, Namadi, in gan ka."

Na ce, "To, ga ni."