Ƙarfen da Surukina Ya Ƙera Wa Babur Ɗina

Da aka yanke Jigawa daga Kano, ina cikin ma'aikatan da aka ce su tattara su koma gida. Ni malamin gona ne, sai aka turo ni Birnin Kudu, aka ba ni ƙauyukan Kangire da Wurno in riƙa zagayawa ina duba gonaki, ina raba iri, ina nuna wa manoma yadda ake feshi. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne da tebura biyu, mota kuwa babu. Abin da na dogara da shi kawai shi ne wani tsohon jan babur da na saya kafin in baro Kano.

Babur ɗin ya bambanta da yawancin na gari. Nasu masu hayaƙi ne, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Nawa mai bawul ne, wato wasu ƙarafa biyu a cikin kan injin, masu kama da ƙusa mai faffaɗan kai, ɗaya ya buɗe mai ya shiga, ɗaya ya buɗe hayaƙi ya fita. Ba ya shan mai sosai, kuma ina alfahari da shi.

A bazarar shekarata ta biyu ya fara lalaci. Da safe sai na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa ni kafin ya tashi. Idan na shiga yashin hanyar Wurno sai ya shaƙe, in sauka in tura, buhun iri a ɗaure a baya. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, manoma suna jira na.

Na kai shi wurin wani bakanike a bakin tasha, dattijo mai furfura a gemu, wanda ba ya son yawan magana. Ya kwance kan injin, ya kifa shi, ya tsiyaya kalanzir a cikin ramin da hayaƙi ke fita. Muka zuba ido. Ba a jima ba kalanzir ya fara tsattsafowa ta gefen bawul.

"Ka gani, Malam? Ba ya rufewa. Sai an cire shi an goge bakinsa da mazauninsa."

Cirewar ba ta ba shi wuya ba. Ya ɗora wani guntun bututu a kan sifirin da ke riƙe da bawul ɗin, ya buga da guduma, sai ga wasu 'yan makullai biyu sun faɗo, kowanne bai kai ɓarin ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce kafin mu ci gaba bari ya gwada ko zai iya mayarwa, don a nan ne matsalar take. Dole a danne sifirin har ƙasa, a riƙe shi a haka, sannan a saka makullan. Na kama sufana ɗaya, wani mai faci ya kama ɗaya, muka danna da iya ƙarfinmu, shi kuma yana lallaɓa makulli da ɗan yatsa. Sufanata ta zame. Sifirin ya yi tsalle, ya yanki babban yatsansa, makulli ɗaya ya tashi sama ya faɗa cikin yashi.

Mun fi awa muna rarrafe. A ƙarshe mai gyaran rediyo ya ba mu mayen ƙarfe na cikin tsohuwar lasifika, muka ja shi a ƙasa, ya ɗauko ƙusoshi da ƙarikitai da yawa, makullin yana cikinsu.

Bakaniken ya ɗaure yatsansa da tsumma, ya ce, "Akwai abin da ake danne shi da shi. Na taɓa gani a Kano, amma ni ba ni da shi, kuma ban san mai shi a nan ba." Ya yago kwali ya zana mini: ƙarfe lanƙwasasshe kamar baka, baki ɗaya ya tokare kan bawul ta ƙasa, ɗaya bakin da dogon ƙarfe mai zare da ake murɗawa ya danne sifirin ta sama.

Na koma gida da kan injin a cikin buhu. Matata ta juya kwalin sama da ƙasa, ta ce, "Ai Baba zai iya wannan."

Mahaifinta maƙeri ne a Gwaram. Shekararmu shida da aure a lokacin, amma ban taɓa yin magana mai tsawo da shi ba. In na je, sai in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna a ƙofar zaure, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Ban taɓa ko shan ruwa a gabansa ba. Na ce mata ina jin nauyi. Ta ce to in ci gaba da turawa a yashi. Washegari muka shiga motar Gwaram.

Maƙerar tana ƙarƙashin wata rumfar kara a gefen gidan. Lokacin aiki ne sosai, ga fartanyu da garemani a jere suna jiran gyara, ga manoma biyu daga Kwandiko a zaune. Matata ta yi masa bayani a tsugune, ta shige cikin gida, ta bar ni da buhuna. Ya sallami mutanen tukuna, sannan ya miƙo hannu. Na ba shi kwalin. Kallo ɗaya ya yi masa ya ajiye a ƙarƙashin dutse. Kan injin ya ɗauka, ya shafa cikinsa, ya danna sifirin ɗayan bawul ɗin da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Yana da taurin kai. Malam, me ake so a riƙe, me ake so a sake?"

Na yi bayani. Ya sa na maimaita wurin makullan. Sannan ya ce, "To ai dole a bar taga, in ba haka ba ta ina yatsa zai shiga?" Wannan taga ba ta cikin zanen kwalin.

Ya nuna mini zugazugi da haɓa. Ɗansa da ke yi masa zuga ya tafi sharar gona. Na tuɓe babbar riga, na naɗe hannun ta ciki, na zauna a kan fatar da ke ƙasa. Ban iya ba. Ina danna duka biyun tare, wutar tana tashi tana mutuwa.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Kamar kana tafiya."

Da rodin gini ya fara. Ya gasa shi ya yi ja, ya lanƙwasa a kan uwar maƙera. Ba shi da walda, don haka ya buɗe ƙarshen rodin ya yi masa ido, ya cusa noti a ciki tun yana da zafi, ya tsoma a ruwa, ƙarfen ya tsuke ya kama notin gam. Ya samo guntun bututu daga kan wani mataccen keke, ya yanke masa taga da kurfi, ya goge da magagari. Ya zura dogon ƙarfe mai zare a cikin notin, ya sa bututun a bakinsa. Muka ɗora a kan bawul ɗin da ba a cire ba, na fara murɗawa. Sifirin ya ɗan sauka, sai bakan ya fara buɗewa a hankali, har ya saki.

Na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa dariya ya yi, wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Rodi ragon ƙarfe ne. Ni ne na raina abin."

Aka kira azahar, muka je masallaci muka dawo. Surukata ta aiko da fura a ƙwarya, da ludayi biyu. Na matsa gefe na ce na ƙoshi. Ya tura ƙwaryar gabana ya ce, "Wanda ya yi zuga tun hantsi bai ƙoshi ba. Sha, Malam, akwai sauran aiki." Na juya masa baya kaɗan na sha. Yana sha yana tambayata game da sabon irin gyaɗar da muke rabawa, ko gaskiya ne tana nuna da wuri. Ashe yana da gona a bakin rafi da ta shekara uku tana ba shi haushi. Ya faɗa mini yanayin ƙasar, na faɗa masa abin da na sani. Sai da muka kusa ƙarar da furar na lura ina magana ina kallon fuskarsa.

Karo na biyu ya shiga ɗaki ya fito da guntun sifirin mota, irin wanda yake ajiyewa don yin gatari. Wannan ya ci wuta da guduma sosai. Kafaɗuna suka yi tsami, hayaƙin gawayi ya cika mini ido. Da ya gama bai tsoma shi a ruwa gaba ɗaya ba, ya bar shi ya huce a cikin toka, ya ce in ya yi tauri da yawa karyewa zai yi. Bayan la'asar muka gwada. Na murɗa, sifirin bawul ɗin ya sauka, ya sauka, ya tsaya inda aka ajiye shi. Makullan suka bayyana a cikin tagar, suna zaune kawai. Ya sa tsinke ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya sake ɗaukewa. Sau uku ya yi haka.

Muka kwana a Gwaram. Da safe saura gugar bawul. Bakaniken ya riga ya nuna mini yadda ake yi: a shafa wani abu mai kaushi a bakin bawul, a mayar da shi mazauninsa, a yi ta juya shi. Baba ya kankare dutsen wasa wuƙa, ya tace garin da ƙyalle, ya kwaɓa da baƙin mai. Abin juyawa ne ya gagare mu, har matata ta fito da tsohon maburgin miyar mahaifiyarta. Baba ya sare kan, ya feƙe ƙarshen, muka haɗa shi da jelar bawul da guntun tiyo na fetur. Na sa shi tsakanin tafuna ina murzawa ina ɗan ja, kamar mai burga kuka.

Ya ce, "Saurara." Da farko ƙarar tana da kaushi kamar ana taka tsakuwa. Can sai ta yi laushi. "Yanzu ɗaga ka gani." Wani zobe mai launin toka ya zagaye bakin bawul ɗin, babu inda ya yanke. Muka yi wa ɗayan haka, muka wanke komai tas da kalanzir, muka mayar da sifirin da sabon ƙarfenmu. Na tsiyaya kalanzir a ramin, muka zauna muna kallo. Wani ya kawo lauje, Baba ya ce ya dakata. Muka jira har inuwar rumfar ta matsa. Ko ɗigo bai fito ba.

Da za mu tafi ya ce, "Yaushe za a ɗaura?" Na ce jibi. Ya ce yana da sayayyar ƙarfe a Birnin Kudu dama.

Ya zo kuwa. Ya zauna a kan benci a bakin tasha, sandarsa tsakanin ƙafafu, bakaniken yana ɗaura kan injin, yana auna tazarar bawul da reza. Kanikawan layin suka taru suna karɓar ƙarfen hannu zuwa hannu, suna leƙa tagar. Wani ya tambaya ko daga Kano aka sayo. Na nuna Baba na ce ga wanda ya ƙera shi. Na bar wa bakaniken ƙarfen a wurinsa, tunda shi zai fi amfani da shi.

Bugu biyu babur ya tashi. Na ce, "Baba, in kai ka kasuwar 'yan ƙarfe?" Ya tattare rigarsa ya hau, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu. Na tafi da shi a hankali. Da ya sauka bai tafi ba, ya karkata kai yana sauraron injin.

"Ɗaya yana ɗan ƙyas-ƙyas. Ka ce masa ya sake dubawa."

Na koma na faɗa wa bakaniken. Ya buɗe murfin, ya sa reza, ya ce lallai na hayaƙin ya ɗan saki, ya ɗaure shi. Da yamma na ɗora buhu biyu na iri na nufi Wurno. A kan hanyar dawowa ruwan farko ya same ni, na fake a rumfar wani mai rake har ya tsagaita.