Hayaƙin da Ban Rubuta Ba

Dudu ta fi shekara ashirin tana bandar kifi a wata tunga kusa da Warra. Ganguna uku gare ta a bayan ɗaki, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashinsu. Tun da jirgin mijinta Malam Habibu ya fashe, ita ke sayen kifi a bakin ruwa, ta kyafe, ta aika kasuwar Yauri. Mutum tara ke ci daga waɗannan ganguna.

Ban san haka ba a bara, lokacin da wata cibiyar bincike ta ɗauke ni aikin tambayoyi gida-gida bayan na gama jami'a. Namiji baƙo ba ya wuce ƙofar gida, don haka a nan aka shimfiɗa mini tabarma. Na tambayi Malam Habibu sana'ar iyalinsa. Ya gyara hula, ya ce ita tana gida, shi ke riƙe da kowa. Hayaƙi na tsallako katanga yana sa ni tari da hawaye, amma a wayar aiki na danna "ba ta da sana'a". Haka na yi a gidaje da dama, ina sauri kada jirgin komawa ya bar ni.

Da wannan rahoton aka tsara hutun kamun kifi na wata uku domin kifi ya hayayyafa, aka ce masu jirgi za a ba shinkafa. Masu banda ba su cikin lissafi.

Na koma tungar ranar da aka kafe sunayen waɗanda za a ba shinkafa. Gangunan Dudu sun yi sanyi, kaji na kwance a ciki. Ta fito ƙofa da kanta, ta ce ta gane ni, ni ne mai tari. Na yi ta kame-kame, na ce akwai sati biyu na gyara, amma sai maigida ya tabbatar.

Ta juya ta dubi mijinta.

"Malam, gaya mashi wa ke cika tukunya."

Maƙwabta sun tsaya. Sannan a hankali ya ce in rubuta: ita ce.

"Ɗana, kada ka tashi," in ji Dudu. "Akwai mu masu banda goma sha huɗu. Bari in kira su."