Tsohon Maƙeri da Ƙofar Zauren Baffa

Kakata Iya Hari ba ta yin tatsuniya hannu banza. Idan kaka ta yi, aka kwaso gyaɗa daga gona, takan hura wuta a tsakar gidanmu na Roni bayan isha'i, ta turo mana ƙwarya mu riƙa ɓara. Hannu ya tsaya, labari ya tsaya. Bafulatana ce, idan magana ta yi zafi sai Fillanci ya kufce mata. Ba ta shakkar kowa a gidan, har ɗanta, mahaifinmu, wanda muke kira Baffa.

"To, ga ta nan ta iso ƙofarku," in ji ta.

"Ta shigo mu ji ta, Iya."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani tsohon maƙeri. 'Ya'yansa sun yi arziki, suka ce abin kunya ne a ga ubansu yana dukan ƙarfe. Suka rufe maƙera, suka ɗinka masa riguna, kullum tuwo da nama. Ba a yi wata biyu ba tsoho ya zama abin gudu. Ya kifar da akushi, ya zagi mai gaishe shi. Gari ya ce butulci ne, wasu suka ce tsufa ya taɓa masa kai.

Sai wata maƙwabciya ta ɗauko fartanyarta da ta karye, ta nufi gidan. Babban ɗan ya tare ta, ya ce zai saya mata sabuwa. Nan Iya takan miƙe wuya, ta yi muryar matar:

"Riƙe sabuwarka! Wurin maƙeri na zo. Kun cika masa ciki kun kashe masa hannu, sannan kuna mamakin yana cizo?"

Ta ture shi ta wuce. Tsoho ya juya fartanya, ya yi tsaki, ya ce wane ragon ne ya ƙera wannan. Ya sa aka buɗe maƙera. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Mu dariya kawai muke yi. Yayana Sabo ya taɓa cewa ai 'ya'yan sun kyauta. Iya ta harare shi, ta ce, "Akuya ake turkewa a ba ta dusa ta gode. Mutum yana so a ce ina wane, a zo nemansa. Ɓari gyaɗarka."

Shekaru sun ja, Iya ta rasu, na zama malamar makaranta a Kazaure. Sai Baffa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana sasanta makiyaya da manoma, babu burtalin da bai san iyakarsa ba daga Roni har Gwiwa. Yaya Sabo ya hana kowa kawo masa ƙara, ya sa kwaɗo a ƙofar zaure. Don ƙauna ya yi, na sani. Amma Baffa ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, ya fara yi wa mahaifiyarmu tsawa, abin da bai taɓa yi ba.

Wata Asabar na zo gida na tarar da wani dattijo makiyayi tsugune a waje. Kwana uku yana zuwa ana mayar da shi, ga rikici na neman tashi kan mashayar shanu. Na karɓi mabuɗi wurin mahaifiyarmu na buɗe zauren.

Yaya ya kira ni a waya. "Ke wa ya ba ki izini? In wani abu ya same shi, ke ce."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, girmanka ne. Amma ƙofar nan ba zan rufe ta ba."

Aka ɗauko Baffa a kujera. Bakinsa a karkace, maganar da ƙyar take fita, amma ya zana iyakar mashayar a ƙasa da sandarsa, ya faɗi sunayen shaidu uku. Da dattijon ya tafi, Baffa ya ce a dama masa fura.

Ya ƙara shekara biyu a duniya, mutane na shiga suna fita. Har yau Yaya Sabo yana ganin hayaniyar ce ta rage masa kwana, gaisuwarmu ma ba ta koma kamar da ba. Abin yana yi mini ciwo. Sai dai tun daga lokacin, idan wani ya yi mini kaushi, ɗalibi ne ko miji ko maƙwabci, kafin in ce mugun hali ne nakan tambayi kaina me aka ƙwace masa. Kuma da za a sake miƙo mini mabuɗin nan gobe, a gaban Yaya zan buɗe.